Shekarar da Na Auna Turaren Kaka da Gwangwani

Tun kuna ƙanana kuke jin yayata, Ya Zara, tana cewa ni na zubar da darajar turaren gidanmu, ni na fitar da shi waje na mayar da shi kamar gishirin da ake ƙullawa a takarda. Ba a bayan idona take faɗa ba, wannan na yaba mata. A gabana take faɗa, ranar suna ko ranar biki, tana dariya, ku ma kuna taya ta. Ban taɓa tanka mata ba, kuma ba haƙuri ne ya hana ni ba, kun san ba ni da shi. Labarin ne ba ya faɗuwa a tsaye a bakin murhu. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni, zan rubuta muku shi yadda ya faru, har da inda na yi wauta, don na yi ta, kuma babba ce. Ya Zara a shekarar tana ɗakin mijinta a Gure, ba ta ga komai ba. Ni na gani.

Gidanmu na unguwar Birni da kuka sani da siminti, a lokacin na ƙasa ne, kuma duk wanda ya shigo lungun ya san ya kusa gidan Ya Fanna tun bai ga ƙofa ba. Ya Fanna uwar mahaifina ce, mu Kaka muke ce mata. Kakanninta daga Barno suka zo da sana'ar turaren wuta, suka zo da dokokinta kuma. Tukwane uku ne a ɗakinta, manya, an ɗaure bakinsu da fata. Biyu na sayarwa ne. Ta ukun, baƙa mai tsaguwa a wuya, ita ake kira uwa. Ba a taɓa ƙarar da abin da ke cikinta ba. Duk sabon haɗi sai an ɗebo cikin hannu ɗaya daga uwa an zuba masa, in ya tsumu kuma a mayar mata da cikin hannu biyu. Kaka takan ce ƙamshin da ke ƙasan tukunyar nan ya girmi duk mai numfashi a Damagaram. Ba mai sa hannu a ciki sai ita. Turarenta ba a talla da shi, ba a kai shi kasuwa, ba a sayar da ƙasa da kwalba guda. Mai so ta zo gida, ta cire takalmi a ƙofa, ta zauna a tabarma a yi ta gaisuwa, sannan Kaka ta karɓi mayafinta ta rufa a kan kabbasa, kwandon nan da ake kifawa bisa kaskon wuta, hayaƙi ya shiga zaren. Matar ta tafi gida da ƙamshin, in ya yi mata ta dawo. Haka iyayen amare suke zuwa daga Zango, daga Mirya, har daga Tanut.

Sai shekarar nan ta zo da damina ta yi ƙarya. Hatsi ya tsiro, ya kai gwiwa, ya bushe a tsaye. Dangin Inna mahaifiyata na ƙauyen Guna, waɗanda kowace kaka suke aiko mana da dammunan hatsi, a shekarar su suka zo da kansu, da tabarmi da ƴaƴa. Aka rufe iyaka da Najeriya, sandal da hawi da farce, kayan haɗin turare, suka daina shigowa daga Kano da Maiduguri, kamiyon da Ba Gana yake tuƙawa ya tsaya a tasha. Ba Gana ƙanen mahaifina ne, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba. Biki ya ɗauke a gari. Wanda ya matsu ya ɗaura aure a masallaci, a kai yarinya da tabarma da buta, wa ke zancen turare? Wata huɗu ba wadda ta cire takalmi a ƙofar Kaka. Muka koma cin abinci sau ɗaya a yini, daga baya aka fara ƙara dussa a tuwo, Inna ta fara jiƙa anza, ƴaƴan itacen dajin nan da ake ci lokacin yunwa, a bayan ɗaki tana sake mata ruwa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, a garin da ruwan ma sai an bi layi. Ni kuwa ina ajin ƙarshe a kolej, shekarar da zan yi jarrabawar birebe ta kammalawa, da bakin da ya fi ni girma.

Wata Juma'a da aka sauko daga masallaci, Ba Gana ya shigo ya tsuguna a ƙofar ɗakin Kaka. Ina tsakar gida ina wanke kwanuka da ruwan da bai kai kofi biyu ba, na ji komai.

"Ya, na yi magana da Alhajin nan mai shago a kasuwa. Zai ɗauki tukwanen."

"Waɗanne tukwane?"

"Duka ukun. Hatsi zai bayar. In an yi tattali zai kai mu damina."

"Har da uwa ke nan."

"Ita ya fi so."

Kaka ta ɗago ta dube shi. Sannan ta kira shi da sunansa na yanka, abin da ba ta cika yi ba.

"Mamadu, uwata ta ga yunwar da ta fi wannan, ba ta sayar ba."

"Ya, ita ba ta da baki goma sha huɗu a tsakar gida. Dubi can."

Ya nuna gindin bango, inda ƴaƴan Guna suke kwance a inuwa. Yara ne da ya kamata a ce ana tsawata musu saboda ƙiriniya, amma sun daina wasa. Ƙaramarsu, Nana, ƴar shekara uku, tana tsotsar bakin zanen uwarta.

"Buhun da ke ɗaki zai kai mu Alhamis uku," in ji Ba Gana. "Ranar ta ukun amalanke zai zo."

Ba a sa da ni ba, amma na ajiye kwano na miƙe.

"Me ya sa za a sayar da tukwane? Turaren za a sayar! Kun zauna kuna jiran mutane su zo, mutane ba za su zo ba. Rekilam ake yi."

"Me ake yi?" in ji Kaka.

"Talla, Kaka. Mushe, malaminmu, ya koya mana, in kaya sun ƙi tafiya, ɗaukarsu ake yi a kai inda jama'a take."

"Mushen naki ya taɓa haɗa turare?"

"A'a."

"To ya ci gaba da koya muku lissafi, ƴar lakwal. Turarena ba ƙosai ba ne."

Ba Gana ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya ce, "Kellu, in kina da dabara ban hana ki ba. Kin ji ranar."

Ga wautar tawa. Ranar Lahadi da ba lakwal, ba zuwa makaranta, na jira Kaka ta zaga alwala, na kwance bakin tukunyar dama na ɗebi turare a gefen zanena. Na yi lissafi irin na ƴar kolej: ina ne mata suka fi taruwa a unguwar nan? Layin pompo, inda ake ɗiban ruwa. Tun asuba mata suke jera tuluna da garewani, wani lokaci har azahar ruwan bai zo ba. Na ce ga kasuwa Allah ya tara mini, ba kuɗin rumfa, ba kuɗin mai shela. Na ɗauki kasko da garwashi na je na ajiye a kan dutse kusa da layin, na zuba turaren, kuma ba kowane ba, na amare, mai nauyin nan da ke kama tufa har mako. Hayaƙi ya tashi, iska ta bi da shi kan layin. Na ɗaga murya na ce turaren gidan Ya Fanna ne, mai so ta zo ta ji, jin ƙamshi kyauta ne. Ina jiran su taso. Ba wadda ta motsa. Surutun layin ne ya mutu gaba ɗaya, har ina jin ƙarar ruwa a cikin garwa. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta toshe hanci. Wata yarinya ta juya ta fara kakarin amai, ba abin da ya fito. Ban san cewa ƙamshi mai nauyi a kan cikin da ba komai azaba ba ne. A gidanmu aka haife ni cikin hayaƙin nan, ban taɓa tunanin haka ba.

Sai wata mata ta taso daga bakin pompo, da tsohon ciki, tulunta cike a ka. Baƙuwa ce, cikin waɗanda fari ya koro daga wajen Tirmini, suna zaune a kangon da ke ƙarshen lungunmu. Daga baya na san sunanta Habsu.

"Ke ƴar gidan wa ce?"

"Gidan Ya Fanna."

"Wannan ƙamshin ɗakin amarya ne. Kin ga amarya a nan?"

"Ai ban ce dole ki saya ba," na ce. Haka na ce mata, ba zan gyara ba.

"Na binne ɗa a hanya kafin mu iso garin nan. Tun jiya da rana ba abin da ya shiga cikina. Kin zo kina ƙona mana dukiya a hanci."

Ta sauke tulun, ta karkata shi a kan kaskon. Ruwan da ta jira tun asuba. Ba ta zuba kaɗan ba, sai da ta ga garwashin ya mutu ƙurmus, ruwan baƙi yana gangarowa kan ƙafata. Ta mayar da abin da ya rage a ka ta wuce. A bayana na ji wata tana cewa, "Mu muna neman abin dafawa, su ashe har abin ƙonawa gare su."

Labarin ya riga ni isa gida. Kaka ba ta dake ni ba, da ta dake ni da ya fi mini sauƙi. Ta shinshina gefen zanena, ta tambaye ni daga wace tukunya, na ce ta dama. Ta shiga ɗaki ta saki labule, daga nan ta daina yi mini magana. Kafin la'asar mata uku sun yi sallama, kowacce da ƴar ƙwarya a ƙarƙashin mayafi, sun ji an ce gidan Ya Fanna da sauran albarka. Inna ba ta iya cewa babu ga maƙwabciya tana tsaye a gabanta. Washegari wasu suka zo. Ba Gana ya leƙa buhun, ya fito ya same ni.

"Rekilam ɗinki ya ci mana mako guda. Na aika wa Alhaji, ba Alhamis ta uku ba, ta biyu."

Bai ɗaga murya ba.

Ranar Talata Habsu ta haihu a kango. Akwai wata al'adar Kaka da na sani tun ina yarinya amma ban taɓa ɗaukarta da muhimmanci ba: duk macen da ta haihu a lungunmu, matar attajiri ko matar ɗan ga-ruwa, Kaka za ta je ta turara mata ɗaki da zane, ba ta karɓar komai. Da hantsin Laraba ta fito da kasko a hannu, ta tsaya a kaina. Maganarta ta farko ke nan cikin kwana uku.

"Ɗauko kabbasa."

"Ina za mu?"

"Kango."

"Wurin matar da ta..."

"Na ce ɗauko."

Kafin mu fita ta sa Inna ta dama kunu da rabon da Kaka za ta ci ranar. Kangon ba rufi sai wani tsohon buhu da aka ɗaura a kusurwa, Habsu tana kwance a ƙarƙashinsa da jaririyar da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Na fara hura garwashi, Kaka ta buge mini hannu.

"Bari ta sha tukuna. Sai ciki ya ɗauki abu ake kawo hayaƙi."

Ta zauna har Habsu ta shanye kunun. Zane ɗaya matar take da shi, sai Kaka ta cire mayafinta ta rufe ta da shi, ta karɓi zanen ta shimfiɗa a kan kabbasa. Ba na amare ta zuba ba. Wani haɗi ne marar nauyi, mai kajiji, ɗan kaɗan a bakin yatsu uku. Hayaƙin bai tashi sama ba, zanen ya shanye shi. Da aka mayar mata ta kai shi hanci, ta rufe ido, ta daɗe a haka. Sannan ta buɗe ta dube ni.

"Ke ce mai kasko."

"Ni ce."

"To kin san hanyar pompo. Ga tulu can."

Na ɗauka na je na bi layi, a gaban matan nan duka, har azahar.

Ranar Asabar muka ji mobilet, ƙaramin babur ɗin nan, ta tsaya a ƙofa. Wata mata ta shigo da farar riga ta aiki a ƙarƙashin mayafi, ta ce ita ce Madam Rabi, ungozoma a matarnite, asibitin haihuwa. An kai musu Habsu saboda jaririyar ba ta kama nono sosai. Ta ce ɗakin nasu kullum warin magani da jini yake yi, sai ga wata ƴar ƙauye da zane ɗaya tana ƙamshin da ita ba ta taɓa ji ba, har abokan aikinta suna zagayowa suna shinshinawa. Ta tambaya, aka kwatanta mata gidan. Bayan wata huɗu, ga takalmi a ƙofar Kaka. Aka yi gaisuwa, aka turara mata mayafi, aka zo maganar saye.

"Ya, kwalba ta fi ƙarfina. Albashin nan mutum goma sha ne a kansa, duk ƙauyenmu sun sauka a gidana. Ki ba ni kaɗan, na kwana biyu."

"Ba na sayar da ƙasa da kwalba, ƴata."

"Ko ɗan cikin cokali?"

"Ba a taɓa yi ba a gidan nan."

Madam Rabi ta yi godiya ta sa takalminta. Na bi ta da gudu, na riƙe mata kan mobilet a lungu kamar mahaukaciya. Na tambaye ta su nawa ne a wurin aikinsu masu so. Ta ce duka, da malaman lakwal mata, da matan bariki, kowa yana so, ba mai iya kwalba. Na tambaye ta ko za su iya biya da hatsi. Ta ce ma'aikata suna ɗan samun dawa da shinkafa, tiya ɗaya ba za ta gagara ba. A nan, a tsaye cikin rana, na gane abin da ban gane ba ranar pompo. Ni na je inda mutane suka fi yawa. Ban tambayi kaina wa ke da sauran abin saye ba. Kuma tallar da na je nema da kasko da ihu, Kaka ta yi shekara hamsin tana yin ta ba tare da ta buɗe baki ba: zanen mace ne ke yawo da ita, har inda ƙafarmu ba ta zuwa.

"Madam, gobe ki tattaro mini mayafansu. Zan turara kyauta."

Na koma na tarar da Kaka tana ɗaure bakin tukunya. Ban tsuguna ba, a tsaye na yi maganar, kuma har yau ina jin kunyar wannan.

"Kaka, ki zaɓa. Kwalba ko uwa."

"Da wa kike magana?"

"Da ke. Saura kwana biyar. In kin riƙe dokar kwalba, ranar Alhamis Alhaji zai kwashe uwa ya zuba ta a shago, yaransa su riƙa sayar da ita a cokali ga wanda bai taɓa jin sunanki ba. Za a auna turaren nan ko kin so ko kin ƙi. Gara a auna shi a gidan nan."

Ta tsaya da igiyar a hannu. Na zaci mari ne zai biyo. Ta ƙarasa ɗaurin, ta zauna a bakin gado, ta yi maganar tana kallon bango.

"Hannuna ba zai riƙe ma'auni ba. Bakina ba zai kira shi turarena ba. Abin da kika auna naki ne, da sunanki za a saye shi. Tukunyar dama ce kawai. Uwa kuwa, ko inuwarki kada ta faɗa a kanta."

Ƙaramin gwangwanin tumatir na wanke da toka, shi ne ma'aunina. Ba leda, ba kwalabe, sai na yage kayena, littattafan rubutuna na lakwal. Na fara da shafukan da ba rubutu, da suka ƙare na shiga masu rubutu. Ranar Lahadi mayafi bakwai suka zo a bayan mobilet, na turara su ɗaya bayan ɗaya da haɗin nan marar nauyi. Ranar Litinin ban je kolej ba. Na cusa ƙulle-ƙullen a jakar lakwal, na bi matarnite, na bi gidajen malamai, na taka har bariki a ƙafa, cikin ranar da ke narka kwalta. Ban sake kunna wuta a waje ba, ban sake ɗaga murya ba. In na shiga gida sai in ce a ba ni ɗankwali in kai in turara, gobe in dawo da shi, ba a biya. Wadda ta kawo ƙawarta, ita ma a sake turara mata. Wasu suka kore ni. Wata matar soja ta ce in ɗanɗana mata a wuta tukuna, na ce ba na yi, ta shinshina ɗankwalin maƙwabciyarta. Ta shinshina, ta sayi biyu. Matar Mushenmu ma ta saya, ashe a shafin darasinsa na ƙulle mata, har da jan alƙalaminsa a gefe. Ya aiko a gaya mini in dawo aji, saura kaɗan jarrabawa. Na ce a gaishe shi.

Ranar Alhamis da hantsi amalanke ya tsaya a ƙofa, buhunan hatsi a kai, an ɗaure da igiya. Dillalin Alhaji ya shigo da zannuwan da zai naɗe tukwane. Yaran Guna da suka daina tashi don komai, ranar sun tashi, suka tsaya a zaure suna kallon buhunan. Na fito da abin da na tara cikin kwana huɗu: dawa a ƙwarya biyu, shinkafa a kwano, ɗan garin masara a ɗankwali. Ba Gana ya tsuguna ya sa hannu a ciki.

"Wannan kwana nawa ne, Kellu?"

"Biyar. Shida in an ƙara dussa."

"Wancan kuwa har damina."

"Wancan in ya ƙare ya ƙare, Ba Gana. Wannan gobe ma zai zo."

"Kin tabbata?"

Ban tabbata ba. Na ce na tabbata.

Kaka ta fito da tabarmarta ta shimfiɗa a ƙofar ɗaki, ta zauna ta tare hanya, carbi a hannu. Ba ta roƙi kowa ba. A gefe kuwa, ƙarƙashin rumfa, mata huɗu ne zaune suna jiran mayafansu, Madam Rabi da waɗanda ta kawo, takalmansu a jere a bakin tabarma. Ba Gana ya dubi takalman, ya dubi yaran a zaure, ya dubi uwarsa.

"Malam," ya ce wa dillalin, "ɗauki ta hagu, ka sauke mana rabonta."

"Alhaji ya ce uku ko babu. Baƙar nan ce ta sa ya yarda da cinikin."

"Koma ka lallashe shi."

"Ba ya lallasuwa. Kuma in na juya da hatsin nan, akwai gida uku da ke jiransa kafin azahar. Kada ku aiko gobe."

Ina jin ƙarar ƴaƴan carbin Kaka. Inna tana tsaye a ƙofar madafa da muciya, ƙanwarta uwar Nana tana bayanta, ita baƙuwa ce a gidan, ba ta da bakin magana a kan tukwanen Barno.

"Juya da shi," in ji Ba Gana.

Muna tsaye muka ji ƙarar ƙafar amalanken tana nisa a lungu. Yaran suka koma gindin bango. Ba Gana ya zo daf da ni, ya yi magana yadda ba mai ji sai ni.

"In wani abu ya sami yaro a gidan nan, ni da ke za a tambaya."

Watannin da suka biyo ba zan yi muku ado da su ba. Hatsi ya riƙa shigowa a tiya, a kwano, wata rana ba ya shigowa sam. Ba mu taɓa kwana biyu a jere ba a ɗora tukunya ba, amma ba mu taɓa ƙoshi ba. Ranar da ƴan ajinmu suka shiga jarrabawar birebe ina bariki da jakar lakwal cike da ƙulli. Na wuce ta gaban kolej ɗin a hanyar dawowa, ban tsaya ba. Wannan ba ya damuna sosai kamar yadda kuke zato.

Abin da ke damuna shi ne Nana. Saura ƴan makonni ruwa ya sauka, ƙyanda ta shigo unguwa. Ta kama yara biyar a gidanmu, huɗu suka tashi. Madam Rabi ta zo da kanta, ta yi abin da za ta iya, ta ce jikin yarinyar ba shi da abin yaƙi. Yara sun mutu a shekarar har a gidajen da ke da rumbu, na sani. Amma na ga buhunan nan da idona a ƙofar gidanmu, kuma ni na ce na tabbata. Ba Gana bai taɓa maimaita maganar da ya gaya mini ba har ya bar duniya. Uwar Nana ma ba ta taɓa ce mini komai ba. Da damina ta sauka suka koma Guna, ta zo ta yi mini sallama kamar kowa, har ta sa mini albarka.

Sai bayan an buɗe iyaka sandal ya dawo. Ranar da za a yi sabon haɗi na farko, tukunyar dama ta daɗe da ƙarewa, ta hagu, da Kaka ta bar mini daga baya, saura kaɗan a ƙasa. Mata sun saba da hanyar gidan, suna cewa za su sayo turaren Kellu, Kaka tana ji ba ta gyara musu. Na daka itace, na narka sukari, na jera komai a tabarma, na koma gefe kamar kullum don ta ɗebo daga uwa. Ta kwance fatar, ta tsaya.

"Ƴar lakwal."

"Na'am, Kaka."

"Je ki wanke hannu. Har gwiwar hannu, ba irin wankinku na gaggawa ba."

Na wanke, na dawo. Ta kama wuyan hannuna ta tura shi cikin tukunyar har ƙasa. Da sanyi a ciki, da danshi, ban taɓa zato ba.

"Ɗaya za ki ɗebo," ta ce. "Biyu za ki mayar. Ko a gwangwani kike sayarwa, wannan ba a rage shi."

Har ta rasu ba ta taɓa taɓa gwangwanin ba, ba ta kuma taɓa cewa na yi daidai ba.

To kun ji. In Ya Zara ta sake cewa uwarku ta auna turaren gidan da gwangwani, ku ce mata gaskiya ne, kada ku yi musu. Wannan ƙaramin laifina ne, kuma ina iya ɗaukarsa ina dariya. Baƙar tukunyar da kuke tuntuɓe da ita a ɗakina kuna cewa in jefar, yanzu kun san abin da aka mayar daga ƙofa saboda ita. Wadda za ta gaje ta a cikinku, ta ɗebi ɗaya ta mayar da biyu, kuma duk matar da ta haihu a lungu ta je mata da kunu kafin kasko. In ta zo mayar da na biyun, ta ambaci Nana ƴar Guna a addu'a. Ni haka nake yi.